Katangar da Ba Ta Tare Kowa

Duk lokacin da sababbin ma'aikata suka tambaye ni ranar da aikin nan ya fi ƙona mini rai, wata Litinin ce take faɗo mini, kuma ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Lokacin babban baje kolin da ake yi a unguwar Pazhou ne, jirgin ƙasan cikin gari ya cika maƙil, na iso ofis a makare, na tarar Laoban yana jirana a bakin teburina. Laoban shi ne maigida da yaren mutanen nan, kuma namu ba ya jiran mutum don alheri.

A lokacin ina shekara ta biyu a wani ƙaramin kamfanin haɗa wasannin kwamfuta a nan Guangzhou, a matsayin mai gwaji. Aikin mai gwaji shi ne ya yi ta buga wasan kafin a sake shi kasuwa, in ya ga matsala ya rubuta rahoto, a miƙa wa injiniya ta hannun Laoban. Wasan da muke haɗawa na ƙwallon Amurka ne, irin wadda ake jifa da hannu. An ba ni shi ne don kawai ni baƙo ne mai jin Turanci. Na ce musu ni ɗan Kano ne, ƙwallon da na sani da ƙafa ake buga ta. Laoban ya ce, "Baƙo ai baƙo ne." Haka na zauna na koyi wasan daga tushe.

Ga yadda abin yake. Akwai mai jifa, wanda yake riƙe da ƙwallo yana neman wanda zai jefa wa. A gabansa akwai ƙarti biyar, mu muna ce musu 'yan katanga, aikinsu su tare abokan hamayya kada su iso gare shi. In sun riƙe daƙiƙa uku ko huɗu, sun yi aikinsu. A cikin kwamfuta kowane ɗan wasa yana da maki daga ɗaya zuwa casa'in da tara: na ƙarfi, na iya taku, na lura. Da waɗannan makin wasan yake yanke wa zai rinjayi wa.

Saura mako uku a saki wasan, kamfanin da ya ba mu kwangila ya aiko da ƙorafi cewa mai jifa ba ya kai daƙiƙa biyu a tsaye, an kayar da shi. Laoban bai yi dogon tunani ba. Ya turo mini saƙo: a ƙara wa 'yan katanga makin ƙarfi. Muka ƙara daga tamanin zuwa casa'in. Na gwada yini guda, mai jifa yana ta shan ƙasa. Na rubuta rahoto. Ya sake turowa: a kai casa'in da tara. Muka kai. Yanzu duk wanda ɗan katanga ya kama sai ya yi jifa da shi kamar buhun dusa, amma mai jifa bai fasa faɗuwa ba.

A wannan Litinin ɗin ne Laoban ya tara mu, ya nuna ni a gaban kowa.

"Matsalar ba ta wasa ba ce," in ji shi. "Nasiru ne bai iya bugawa ba. Yana riƙe ƙwallo da yawa."

Na ce, "Laoban, daƙiƙa biyu ce. Ko ƙwallon tana da zafi ban isa in sake ta kafin nan ba."

Ya ce, "Zuwa Juma'a. In babu gyara, zan nemo mai gwajin da ya san wasan."

Ku da kuke aiki a ƙasar nan kun san ma'anar wannan. Takardar izinin zamana a ƙasar a rataye take da aikin, kuma saura wata biyu a sabunta ta. In aiki ya tafi, ni ma na tafi.

Da yamma na biya Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suke taruwa, cin tuwo, na haɗu da Alhaji Sabo, wani dillalin aika kaya gida da muka fito unguwa ɗaya a Kano. Ya ga na kasa cin abinci, ya tambaye ni, na yi masa bayani. Ya dube ni.

"Malam Nasiru, wato 'yan tsanar cikin kwamfuta ne suka hana ka cin tuwo?"

"Alhaji, aikina ke nan."

"Mutane na fama da kwantena a tashar ruwa, kai kana fama da ƙarti na ƙarya. Allah ya kyauta."

Na biya kuɗin tuwona na tashi, raina ya ƙara ɓaci.

Ranar Talata na daina bugawa. Na ɗauki hoton bidiyon faɗuwa hamsin, na rage gudu, na cire idona daga mai jifa na zuba wa 'yan katanga. A nan na ga abin da ya kusa sa ni fasa kwamfutar. A mafi yawansu ba a rinjayi kowa ba. Ƙarti biyu ne suke taruwa a kan mutum ɗaya, wani lokaci uku, wani abokin hamayya kuma ya bi ta gefe ya wuce salin-alin, babu wanda ya ko taɓa rigarsa. Akwai wani ɗan katanga mai maki casa'in da tara da na gani ya buɗe hannu yana tare iska.

Ƙa'ida ita ce in bi ta hannun Laoban, amma na tsallake. Na tafi kai tsaye wurin injiniyar da ta rubuta wannan ɓangaren, wata mata mai suna Wen, wadda ba ta cika magana ba. Ta kalli bidiyon sau biyu, ta ce ƙarfi ba ya aiki sai an haɗa jiki. Kafin nan, na tsakiyar katanga ne yake raba wa sauran huɗun wanda kowa zai tare, kuma da makinsa na lura yake yin rabon.

Na ce, "To nawa ne makin lurar?"

Ta buɗe jadawalin 'yan wasa. Ta duba gurbin lura. Sannan ta ce, "Mei you." Babu.

Gurbin lura na duk 'yan katanga wayam yake. Wanda ya cike jadawalin tun farko, kuma ya riga ya bar kamfanin, ya zauna ya ƙawata makin masu jifa da masu gudu, ya tsallake ƙartin da ba a sa hotonsu a talla. Kwamfuta kuwa in ta ga gurbi babu komai sai ta sa mafi ƙarancin maki. Mako biyu muna ƙara wa makafi ƙarfi.

Kwana biyu na yi ina cike guraben nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis muka gwada. Katanga ta tsaya daram. Sai dai ƙarfin yana nan a casa'in da tara, don haka yanzu babu mahaluƙin da yake iya wucewa. Na ce wa Laoban sai mun mayar da ƙarfin inda yake da. Ya ƙi.

"Ƙarfin da na ce a ƙara ne ya yi aiki," in ji shi. "Kada a taɓa."

Ban yi gardama ba. Ranar Juma'a da safe na roƙe shi ya zo ya gwada da hannunsa. Ya zauna, ya fara wasa, na ce kada ya jefa, ya jira kawai. Mai jifa ya tsaya. Daƙiƙa goma. Ashirin. Wayar Laoban ta yi ƙara, ya ajiye abin bugawar, ya amsa, ya ƙara ruwan zafi a gorar shayinsa, ya dawo. Mai jifa yana nan a tsaye, babu ko ƙura a jikinsa.

Laoban ya juyo. "Wa ya kai ƙarfin nan casa'in da tara?"

Wallahi ni yake kallo. Saƙonninsa biyu suna cikin wayata, har na sa hannu a aljihu. Wen ta girgiza mini kai a hankali daga bayansa. Mutum goma sha biyu a ofis suna saurare. Na haɗiye abin da ke bakina, da ɗaci.

Na ce, "Za mu gyara, Laoban."

Cikin minti biyar muka mayar da shi tamanin. Wasan ya daidaita: katanga mai kyau ta riƙe, mai rauni ta ɓalle, mai jifa ya faɗi lokacin da ya kamata ya faɗi. An saki wasan a kan lokaci. Laoban bai taɓa cewa na gode ba. Mako na gaba dai ya sa hannu a takardar zamana ba tare da na tuna masa ba, sannan ya ɗora mini kula da jadawalin maki gaba ɗaya, ba ƙarin ko sisi.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a aikinmu kowa yana son lambar da ake gani, shi ya sa in abu ya lalace ake fara ƙara ta. Ku kada ku yi haka. Ku rage gudun bidiyo, ku duba wanda ba a kallo, ku buɗe jadawali ku tabbata abin da kuke zato akwai yana nan. Kuma duk umarnin da aka ba ku, ku adana shi a rubuce. Ba lallai ne ku fito da shi ba, don wani lokacin fito da shi ya fi kuskuren tsada. Amma in ana nuna ka da yatsa a gaban jama'a, sanin cewa gaskiyarka tana cikin aljihunka shi ne zai ba ka ƙarfin yin shiru.