Hannun Hagun Gwaggo Walburga

Shekara arba'in Gwaggo Walburga ta yi tana zane a saman benen gidanmu, amma duk kudancin Jamus babu hoton da ke ɗauke da sunanta. Dokar ƙungiyar masu zane ta garinmu ce: mace ta zana fure da tsuntsu da fentin ruwa, fentin mai kuwa na maza ne. Gidan da ya saɓa, a rufe masa shago.

Shagon na wanta ne, mahaifina Lienhard. Da hannunsa ya soma rawa, sai ta riƙa yin manyan hotunan a ɓoye, shi yana sa suna.

Tana yankan kabeji ta ba ni labarin wata rana a shekarar 1652, da aka rataye hoton Maryamu a coci. Shugaban ƙungiya, tsoho Ruprecht, ya matso har hancinsa na taɓa allon.

Ya ce, "Lienhard, yaushe ka zama bahago? Jiya da dama na gan ka riƙe da kofin giya, rabi a baki rabi a riga. Wannan shafin fentin kuwa daga hagu ya taso."

Tsohon ya juyo ga Gwaggo, ya sassauta murya.

"'Yata, ko kin san mai wannan hannu? Tunda nake ban ga irinsa ba."

Gwaggo ta ce mini, "Amsar na bakina, ɗana, har ina jin ɗanɗanonta. Sai na hangi uwarka tsaye da cikinka, ga hunturu ya ƙarato."

Sai ta ce masa, "Ni, ranka ya daɗe? Ni da in na zana tuffa ake cewa albasa ce?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Ruprecht bai dara ba. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce Allah ya ƙara wa Lienhard lafiya, ya fita.

Suna isa gida Baba ya roƙe ta ta koma zane da dama, kada wani ya sake lura. Ta ce, "To, Yaya." Shekara biyu tana koyo kamar sabon shiga.

Na tambaye ta ko hotunan dama sun kai na hagu.

Ta ce, "Ana saye." Ta miƙo mini wuƙa. "Yanka wancan, hannuna ya gaji."