Ƙwayar Gwaggo a gwangwanin maɓallai

Gwaggona tela ce, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe, kuma wallahi ban taɓa ganin mai jin nauyin mutane irinta ba. Shagonta ɗan mitsitsi ne, keke ɗaya, benci ɗaya, ƙyallaye ko'ina sai ka ɗaga ƙafa kafin ka wuce. Ko mummunan yadi ka kawo ba za ta faɗa maka ba, sai dai ta shafa shi ta ce to bari mu ga yadda za a yi da shi.

Shekara uku ke nan aka ce tana da ciwon suga. Tana shan ƙwayarta safe da yamma lafiya lau, sai aka saya mata babbar waya. To nan fa. Ita Gwaggo ba ta san ana tura abu ɗaya wa mutum ɗari ba. Duk bidiyon da ya shigo, gani take wanda ya turo takanas ya nemo mata, kamar ya zo duba ta da leda a hannu, kuma ai ba a mayar wa mai dubiya kayansa. Wannan ya ce jiƙa ganye kaza ta jiƙa, wancan ya ce tafasa ɓawon kaza ta tafasa, ta yamutsa fuska ta shanye, sannan ta ce in danna mata ta yi godiya da murya. "Na gani, na sha, Allah ya bar zumunci."

Sai Baffa, yayanta da take ji da shi, ya turo wani. Mutum ne da farar riga yana rantsuwa wai ƙwayar asibiti ce ke kashe ƙoda, a jefar a koma ruwan ganye. Ban san ta daina sha ba. Na dai ga tana ta ɗirkar ruwa, tana ta zaryar bayi, rannan kuma ta kira ni tana murza ido. "'Yar nan zo, zaren nan ya raina ni, ya ƙi shiga." Matar da ke zura zare tana hira! Washegari ina neman maɓalli a gwangwani sai ga ƙwayoyinta a ƙasa, na sati uku, ko ɓallewa ba a yi ba.

Na ce Gwaggo mene ne wannan, ta ce rufe rufe. Na ce idonki fa, da me za ki yi ɗinki? Ta ce, "Yayana ne fa ya turo. In na ci gaba da sha ai na ƙaryata shi." Ni kuka kawai na fashe da shi, kukan ne ma ya sa ta yarda muka je asibiti.

Nas ɗin ta auna ta, ta kalli na'urar ta kalle mu, ta ce sugan ya hau sosai shi ya sa gani ke dishi-dishi. Ta karɓi wayar ta kalli bidiyon har ƙarshe, ba ta yi mana faɗa ba.

"Mama, wannan mutumin ya taɓa auna ki?"

"Ina ya san ni?"

"Ke in aka kawo miki awon wata, za ki yanka wa wata?"

"Ni? Yadin mutane?"

Ta koma kan magani, aka ba mu ranar ganin likitan ido. Amma abin da ya fi damunta shi ne yadda za ta gaya wa Baffa. Kwana biyu tana juya wayar kafin ta ce in kira. Ta fara da ba shi haƙuri, wai kar ya ga kamar ta raina shi.

Baffa ya ce, "Wane bidiyo? Ke ni fa ban ma kalla ba, na ji an ce suga ne sai na tuna ki."

Gwaggo ta kwashe komai ta gaya masa. Da ya ji abin da ya faru sai muryarsa ta fara rawa, yana ta cewa auta ki yafe ni, ita kuma tana cewa haba Yaya sai ka ce yaro. Ya ce ranar Talata shi zai zo da kansa ya kai ta wajen likitan idon. Da ta kashe wayar ta ce in tattara yadin mutane in sa a leda, ba za ta sa wa kowa almakashi ba sai ta ji abin da likita ya ce.