Lambobin Da Suka Ci Hannun Mahaifina

A shekarun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa ƙauyukanmu na yankin Shanono, ni matashi ne da ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida, babu aikin yi sai girman kai. Ta intanet na shiga cikin masu taimakawa kyauta wajen inganta wani harshen rubuta manhaja. An sake gina sashensa mai lissafin lambobi masu ɗigo don ya ƙara sauri, aka ba ni aikin gwadawa da rubuta bayani. Kullum nakan hau tudun bayan gonarmu, inda sabis yake kamawa, in sa kwamfuta ta yi ta rabawa da ninkawa, ina rubuta wa a littafi sakan nawa tsohon sashen ya ci, nawa sabon ya ci. Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce ba zai gane ba. Baba ya ce in yi wa mutane bayani domin an fara tsegumi, na ce ba ni da lokacin ƙauyawa.

Ranar wata Laraba aka yanka maƙwabcinmu a gonarsa, aka kora shanunsa. Washegari da hantsi 'yan sa-kai suka ritsa ni a kan tudun. Suka ce ni ne infoman 'yan bindiga, lambobin littafina kuwa lokutan fitar mutane ne. Kafin in buɗe baki gora ta sauka a ƙeyata. Suka farfasa kwamfutar da dutse, suka ɗaure ni, suka ja ni a kan kututturen dawa har bayana ya saɓule. Ƙanin mamacin ya zaro adda yana kuka. Ban ga tahowar Baba ba, sai dai na ji ya faɗo kaina, addar ta sauka a hannunsa na dama, jininsa ya cika mini baki.

Wani malamin lissafi na firamare ne ya fizge littafin, ya karanta, ya bayyana musu abin da ke ciki cikin 'yan kalmomi. Abin da na raina mutane na ƙi yi ke nan. Suka watse babu mai kallon wani.

A asibiti aka yanke hannun. Baba bai sake riƙe fartanya ba, kuma bai taɓa yi mini gori ba, wannan shirun nasa ne yake cina har yau.

'Yan'uwana masu ilimi, ku ji tsoron Allah, kada ku raina tambayar mutanenku. Inda tsoro ya yi yawa, duk abin da aka ɓoye laifi yake zama, kuma ba lallai ne mai girman kan ya biya da jikinsa ba.