Anti Araksi Mai Haɗa Launi

Shekara ashirin da biyu na yi ina aiki a ma'ajiyar kamfaninmu na fina-finai a Burbank, kusa da Los Angeles, wani dogon ɗaki mai sanyi, ba taga ko ɗaya, cike da kwalaye na tsofaffin zane-zane. Sunana Odessa. Sai a yi mako guda ba wanda ya leƙo ni, in ban da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

Wata Litinin aka kira ni sama. Manya sun yanke shawarar sake yin Jakin Gidan Waya, fim ɗin yara da aka zana da hannu shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce, labarin wani jaki mai kai wasiƙu ƙauyukan kan dutse. Lissafinsu mai sauƙi ne. Waɗanda suka kalle shi suna yara yanzu sun zama kakanni, za su kawo 'ya'ya da jikoki, tikiti uku ke nan a maimakon ɗaya. A wannan karon mutane na gaske ne za su fito, jakin kuma da kwamfuta za a yi shi. Aka ce in fito da duk abin da ya shafi tsohon.

Na fito da kwali sittin da huɗu. Matsalar ita ce fentin ya koɗe. Jakin da kowa ya sani da ruwan toka mai ratsin shuɗi ya koma kalar ƙasa a jikin ledojin da aka yi zanen a kansu. Darakta kuwa ya kafe shi ainihin launin yake so. Na binciko katin da ake rubuta yadda aka haɗa kowane launi. A gurbin na jakin, abin da aka rubuta da fensir kawai shi ne: "A tambayi Roxy."

Kwana tara na yi kafin na gano cewa Roxy ba sunanta ba ne. Araksi Tashjian ake kiranta, shugabanta na wancan zamani ne ya kasa faɗi ya gajarta. Tana raye, shekararta tamanin da ɗaya, tana zaune a Glendale a hawa na biyu, saman wani shagon wanki.

Da ta buɗe mini ƙofa sai da ta ƙare mini kallo ta saman tabarau.

"Daga kamfani? To, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Anti. Launin jaki muke nema."

"Shigo, 'yar nan. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya neme ni, sai jaki."

Falon tsaf yake. Kujera biyu a gaban talabijin, ɗaya ta lotsa, ɗayar kuma an shimfiɗa mata farin ƙyalle. Mai ƙyallen ta mijinta ce, Levon, mai ɗinkin kujerun mota, wanda ya rasu shekara goma sha biyu kafin nan. Ba su taɓa haihuwa ba. Ta dafa gahawa mai kauri irin ta danginsu, sai da ta hau kan 'yar kujera ta ɗauko kofi na biyu daga can saman kabad, ta wanke shi sau biyu.

A ranar ta ba ni labarinta. A Fresno aka haife ta, 'yar mai gonar inabi. Tana da shekara goma sha tara ta hau bas ta zo Los Angeles da jakar zanenta. Mai ɗaukar ma'aikata ya duba zanen ya yaba, sannan ya ce maza ne ke zane, mata fenti suke shafawa. Aka kai ta wani ɗaki mai mata tamanin, kowace da farar safar hannu da aka yanke wa yatsu uku, suna shafa fenti a bayan leda mai garai-garai kamar gilashi. Leda goma sha biyu ake buƙata kafin jaki ya yi motsin daƙiƙa ɗaya. Bayan shekara uku aka lura idonta ya fi na kowa, aka mayar da ita ɗakin haɗa launi. A can ta yi shekara ashirin da biyar, har ranar da kwamfutoci suka iso aka sallame su duka, aka ba kowace agogon bango.

"Sunanki yana jikin fim ɗin?" na tambaye ta.

"Sunan karen furodusa yana ciki. Namu babu wuri."

Kamfani ya ɗauke ta aikin mako shida. Aka yi mata katin shiga da hotonta a jiki, aka riƙa aika mota. Ranar farko ta sa riga mai ruwan goro da sarƙar aurenta. Na kai ta ɗakin masu kwamfuta, kusan mutum arba'in a cikin duhu-duhu, kowa da abin sauraro a kunne. Suka nuna mata jakinsu a allo. An yi masa gashi ɗaiɗai har miliyoyi, iska na kaɗa shi.

Ta daɗe tana kallo. "Wannan ai jaki ne na gaske. In jaki na gaske ake so, me ya hana ku zuwa gona?"

Aka yi dariya, har da darakta. Ta sa aka kawo mata kwalabe. Ta zuba fari, ta ɗiga baƙi, ta ƙara shuɗi, sai kuma ta lakato ja kaɗan da bakin tsinke ta juya. Wannan jan shi ne abin da na'urorinsu suka kasa ganowa. Ta ce in babu shi, jakin zai yi kama da gawa. Ta shafa a takarda ta ce kada kowa ya yi magana sai ya bushe. Mutum arba'in suka tsaya shiru suna jiran fenti ya bushe, ita kuma tana zaune ta harɗe hannu kamar alƙali.

Makonnin nan shida ban taɓa ganin mutum ya farfaɗo haka ba. Kowace Juma'a sai ta zo da lahmajun, 'yar wainar nan tasu mai niƙaƙƙen nama a sama, cike da tire biyu. Ta haddace sunan kowa. Ta san mai ciwon baya, ta san wadda saurayinta ya gudu. Da rana takan sauko ma'ajiya mu ci abinci tare, tana zaro ledoji tana gane hannun kowace mace. "Wannan Bernice ce, ba ta taɓa wuce layi ba. Wannan Lupe ce, ranar da ta yi faɗa da miji ce, dubi yadda ta danna buroshi." A cikin mata tamanin ɗin, ita da Bernice kaɗai suka rage.

Labari ya kai ga Tamsin Rourke, shugabar sashen talla. Tamsin ba muguwa ba ce, mace ce da waya biyu da ba sa yin shiru. Ta ce tsohuwar nan zinariya ce, domin babban abin tsoro in an sake tsohon fim shi ne masoyansa su ce an ɓata musu ƙuruciya. In suka ga wadda ta yi na farko ta sa albarka, bakinsu ya mutu. Aka gina ɗakin fenti na ƙarya, aka yi wa Anti Araksi hoda, aka kwana biyu ana ɗaukarta.

"Madam Roxy, ki ce da kika ga sabon jakin sai da kika yi hawaye."

"Ban yi ba."

"To ki ce ya taɓa miki zuciya."

"'Yata, shekara ashirin da takwas na yi ina aiki a gidan nan, ba wanda ya tambaye ni abin da ke zuciyata. Yau da aka tambaya kuma, an riga an rubuta mini amsar?"

Tamsin ta yi dariya ta ce a bar kyamara ta ci gaba. Anti Araksi ta yi awa uku tana magana. Ta kira sunayen matan ɗakin fenti ɗaya bayan ɗaya, ta kai hamsin da bakwai kafin ta tsaya, ranta ya ɓaci don sauran sun ɓace mata.

Bayan wata bakwai aka yi gwajin fim ɗin. Haka ake yi: a tara iyaye da yara a wata sinima ta bayan gari, a nuna musu, a raba musu takardu su cike. A takardun, yara da yawa suka zaɓi hoton fuskar baƙin ciki a gefen hoton jakin. A makon ne kuma masu yin kayan wasa suka aiko cewa 'yar tsana mai ruwan toka ba ta jan ido a kan kanta, ga su da niyyar yin miliyan biyu kafin Kirsimeti. Aka yi taro na minti ashirin. Jakin ya koma ruwan zuma.

Ba wanda ya tuna a gaya wa Anti Araksi. Ni na hau matakalar nan ta saman shagon wanki, ina ta juya maganar a baki. Da na faɗa, ta shafa gefen kofinta.

"Yaran ne suka ce?"

"Su ne, da masu kayan wasa."

"To. Ai don yara aka yi." Can kuma ta ce, "Su mutanen ɗakin kwamfuta, ba wanda ya ce komai?"

Na ce sun ji ba daɗi. Gaskiyar ita ce rabinsu an riga an sallame su, aikinsu ya ƙare, sun koma wasu kamfanonin.

Daga nan jakin ya cika gari. Yana jikin bas, yana kan kwalin hatsin karin kumallo, yana kan kofunan shagunan cin abinci. Allon tallansa mai tsayin bene uku ya tsaya daidai inda tagar kicin ɗinta take kallo. Aka aiko mata da katin gayyata zuwa bikin buɗe fim, ranar Lahadi da rana, ita da mutum ɗaya.

Ta roƙe ni in kai ta gidan kula da tsofaffi inda Bernice take, a Van Nuys. Muka same ta a keken guragu a gefen lambu. Anti Araksi ta zauna, ta kama hannunta.

"Bernice, tashi ki yi kwalliya. Jakinmu ya dawo, za mu taka jar darduma."

Bernice ta yi mata murmushi mai kyau, irin na karɓar baƙo. "Ke ce sabuwar mai ba da magani?"

"Ni ce Roxy, shashasha. Teburina yana bayan naki shekara uku."

"Roxy tana da kirki," in ji Bernice. "In kin gan ta ki gaishe ta."

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Sai ta miƙo mini katin gayyatar ta ce in nemi riga mai kyau.

Bikin ya yi jama'a. An rufe titi, an kawo jakuna na gaske yara suna shafawa, 'yan wasa suna tsayawa ana ɗaukarsu hoto. Mu aka bi da mu ta ƙofar gefe, saboda tana dogara sanda, za ta rage wa layi sauri. Kafin fim ya fara aka nuna ɗan guntun hirarta. Daga awa uku an ciro daƙiƙa ashirin da biyar: hannunta yana juya fenti, sai fuskarta tana cewa, "Wannan ai jaki ne na gaske." Aka yanke a nan. Mutum dubu suka tafa. Matar da ke zaune kusa da ita ma ta tafa, ba ta san ita ce ba.

Ta kalli fim ɗin har ƙarshe, ta yi dariya sau biyu. Da sunaye suka fara hawa, mutane suka tashi, ita ta zauna. Minti tara sunaye suna wucewa. Can kusa da ƙarshe, ƙarƙashin masu dafa abinci, aka rubuta godiya ga Roxy Tashjian. Ta gyaɗa kai ta ce in miƙo mata sandarta.

Fim ɗin ya yi kasuwa sosai. Mako biyu bayan haka mai gadin ƙofar gabas ya tare ni. Ya ce tsohuwar nan ta zo ranar Juma'a a motar haya da tire biyu, amma katin shigarta ya daina aiki. Ya buga waya sama ba wanda ya ɗauka, ni kuma ina hutu. Ta tsaya kusan rabin awa a rana, sannan ta bar masa abincin ta koma. Da na je gidanta ba ta ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba.

Na riƙa zuwa duk Lahadi, daga baya duk wata, don mahaifiyata ta kwanta ciwo. A bazarar da ta biyo ta faɗi a matakala, ƙugunta ya karye. Ɗan ƙanwarta ya zo daga Fresno ya kwashe kayanta, ya sama mata ɗaki a wani gidan tsofaffi a can, kusa da wurin aikinsa.

Sau ɗaya na samu zuwa, tafiyar awa huɗu ce. Na same ta a ɗakin hutawa, ta rame, amma hankalinta garau. Ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi mai ciwon baya. Na gaya mata an fara shirin kashi na biyu na fim ɗin.

"Za su neme ni?"

"Ban ji an ce ba, Anti."

"Ba komai. Hannun ma ya fara rawa."

Muka zauna muna kallon wani mutum yana yanke ciyawa. Ta ce mutanen gidan ba su da laifi, sai dai kowa da talabijin yake hira. Da aka kaɗa ƙararrawar abincin rana ta ce in kama hanya tun kafin motoci su cushe. Na ce zan dawo kafin sanyi. Ta ce to.

Da na tayar da mota na waiga. Ba ta bi sauran zuwa ɗakin cin abinci ba. Ta jawo kujerarta zuwa bakin taga tana kallon inda ake ajiye motoci, na ɗaga mata hannu, amma ina jin hasken rana a gilashin ya hana ta gani.