Kowa ya san abin da ke jikina, ban da ni

Ni manomi ne a Likoro, kuma a lokacin da abin nan ya faru ni ne babba a gidanmu, ba a yanke shawara sai da ni. Shekarun baya an yi mini aiki a Zariya saboda ciwon daji a ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, na samu sauƙi har na koma noman masarata. Da gwajin jini ya nuna ciwon yana neman dawowa, likita ya ce sai an ɗauki hoton cikin jikina a ga inda ya ɓuya, don a san wurin da za a yi wa magani. Aka ɗauka. Ranar karɓar sakamako ta zo daidai da zuba taki, ga kuma kunyar ɗana ya ji maganar da ta shafi al'aurata, sai na tura ƙanena.

Ya dawo da fara'arsa, ya ce likita ya ce babu komai, gajiya ce kawai. Daga nan ya riƙa kawo mini jiƙo daga Makarfi, wai na ƙarin ƙarfi. 'Ya'yana suka hana ni taɓa fartanya, maƙwabta suka tsawaita gaisuwa, ni kuwa na ɗauka girma ne ya zo, har ina jin daɗi. Da damina ta zagayo, ciwon baya ya hana ni ruku'u, na tafi asibiti da ƙafata aka sake hoto. Likitan ya jera mini hotunan biyu. A na farko ɗigo ɗaya ne kamar ƙwayar dawa, ya ce a lokacin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, zai iya cim masa. A na biyu abin ya shiga ƙashi. Ya tambaye ni dalilin da ban zo ranar da suka ba ƙanena ya faɗa mini ba.

Da na tsare ƙanena sai ya fashe da kuka. Ya ce taro suka yi, har da matata da 'ya'yana, suka tuna kawunmu da ya rasu bayan an yi masa gashi, suka ce kada a karya mini zuciya. Wai so ne ya sa. Na yarda so ne, amma wallahi cin amanar nan ya fi ciwon yi mini zafi.

Na san rai a hannun Allah yake, amma jikina ne, ni ya kamata a tambaya. Jama'a, kada taki ko kunya su hana ku zuwa ku ji da kunnenku, kuma kada ku ɓoye wa mara lafiya ciwonsa da sunan tausayi. Na ce wa iyalina na yafe. Sai dai har yau, in ɗana ya ce Baba jiki ya yi kyau, fuskar uwarsa nake duba in ga ko gaskiya ne.