Ruwan da Ya Zo Babu Hadari

A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, sama muke dubawa in muna son sanin ko ruwa na tafe. In babu hadari, to babu ruwa. A haka muka tashi. Shi ya sa da aka haƙa kanal ta ratsa gonakinmu, aka ce za a koro ruwa daga madatsar Tiga a yi noman rani, mu yara dariya muka yi. Wane ruwa da rani? Kanal ɗin a bushe take, ga laushin ƙasa, sai muka mayar da cikinta hanya.

Kakarmu Iya ba ta yin tatsuniya sai an gama girbi. Da an idar da sallar isha za ta hura wutar kara a ɗakinta, mu kewaye ta. Wurin zaman ƙanena Habu kusa da gwiwarta ne. Maigidana take ce masa, kullum tana mitar bai taɓa yi mata cefane ba.

Ranar da aka sako ruwan, sama fes take. Da la'asar muka ji rugugi kamar na hadari, amma daga ƙasa yake fitowa. Habu kuwa ya bi cikin kanal da awakinmu, yadda ya saba tun da aka saki dabbobi bayan girbi. Da magariba awakin suka dawo jiƙe sharkaf, babu shi. Maza suka kwashi fitilu suka fita. Innarmu ta zube a tsakar gida tana salati.

Iya ta tattara mu ɗaki, ta hura wuta. "Ku zauna, ga wata nan tafe gare ku."

Ta ce Damina da Rani 'yan uwa ne, an raba musu shekara, kowa da lokacinsa. Sai wani mutum ya faki idon Damina tana shirin tafiya gida, ya saci ruwanta ya ɓoye a gora. Da ta farga sai ta juyo a lokacin da ba nata ba, babu tsawa babu walƙiya, tana jan ciki a ƙasa tana neman kayanta. Ta tarar da wani yaro a hanya. Ta ce, "Yaro, ka ga ruwana?" Kafin ya buɗe baki ta saɓa shi a baya ta wuce.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ƙanƙame zanen Iya, ina kallon gurbin Habu.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Ke ki bari mana, ai tana tafiya."

Damina ta yi ta tafiya. Ta shiga wannan gari, ta ratsa wancan daji, ta tambayi kura, ta tambayi gauraka. Iya da ba ta son jan zance, ranar ta ƙi kai ƙarshe. Tana tura kara cikin wuta, fuskarta kuma tana wajen ƙofa.

Can sai muka ji hayaniya, da muryar Baffa, ƙanen babanmu: "Ga shi! Da ransa!" A maƙale da ƙarfen ƙofar da ke tare ruwan kanal ɗin suka same shi, sanyi ya sandarar da yatsunsa.

Iya ta yi ajiyar zuciya. "To, sai Damina ta duba yaron ta ce, wannan ko cefane bai iya ba, me zan yi da shi? Ta dire shi." Daga nan ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Yau da ruwan nan muke ci. Habu ya yi furfura, tumatir da albasa yake nomawa a bakin kanal ɗin. Ni kuwa tun ranar na daina yarda cewa abu ba zai zo ba don kawai ba lokacinsa ba ne. Duk sanda aka tashi sako ruwan rani, sai na leƙa na ga ina yara suke.

Bayan na yi aure na taɓa tambayarta, "Iya, da ba a gan shi ba fa, yaya za ki ƙare ta?"

Ta ce, "Ba ni da ƙarshen, 'yar nan. Shi ya sa na hana Damina tsayawa."