Audugar Da Wuta Ba Ta Ci

Muddin ina numfashi, akwai ranar da ba za ta fita daga raina ba, kuma da gangan na ce numfashi, don a kansa duk maganar take. Ranar ce wata likita da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba ta yi mini tambaya ɗaya tak.

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aiki a wani kamfani da ke kan hanyar Rigachikun, masu gyaran manyan injinan ba da wutar lantarki. Aikina shi ne naɗe bututun da ke ɗaukar zafi, don kada wani ya taɓa ya ƙone. Abin da muke naɗewa da shi wani farin abu ne mai laushi, wani yana zuwa a nannaɗe kamar tabarma, wani kamar igiya. Injiniyoyi suna da sunan da suke kiransa, mu kuwa ba ruwanmu, auduga muke ce masa. Audugar da wuta ba ta ci. In mun yanka ta, ko mun ɓamɓare tsohuwa daga jikin bututu, sai ƙura ta tashi fara fat, mu fito kamar waɗanda suka wuni a injin niƙa. Mu yi ta tsokanar juna, a ce wane ya yi furfura tun bai yi aure ba.

Kowace Juma'a kuma ana raba mana madara ta gwangwani. An ce tana wanke ƙurar da ta shiga ƙirji. Wa ya fara faɗin haka? Oho. Mu dai mun karɓa hannu bibbiyu, babu wanda ya tsaya ya tambaya ta yaya abin da ya bi ta ciki zai je ya wanke huhu. Ni ko sha ba na yi, yara nake kai wa.

Maiɗakina waina take toyawa a ƙofar gidanmu a Unguwar Kanawa, tun kafin mu haifi ɗanmu na biyu. Kullum hannunta cikin ƙuna yake, don tsumman da take kama tanda da shi bini-bini ya kama da wuta. Abin yana damuna. Wata rana na tsinto guntun auduga daga cikin wadda za a zubar, na ninka shi, na ɗaure da siririyar waya, na kawo mata. A gabanta na jefa shi cikin garwashi, na ciro da itace, ga shi nan yadda yake. Ta riƙe haɓa. Maƙwabta mata suka taru suna kallo, ita kuma tana ta nuna musu, tana cewa maigidanta ne ya kawo daga wurin aiki. Wallahi ranar na ji kaina ya yi girma.

Tun daga nan tsumman audugar nan bai rabu da hannunta ba. In ya yi baƙi sai ta buga shi a jikin bango, farin gari ya tashi, ta ci gaba. In ya lalace in kawo sabo. Ranar Asabar kuma ita ke wanke mini kayan aiki, kuma ba ta tsoma su a ruwa sai ta kakkaɓe su tas a tsakar gida, don kada su ɓata mata ruwa, ga wahalar ruwa a unguwar. Da zan bar aiki ma sai da na yanko mata babban ƙunshi, na ce wannan ya ishe ki har tsufa.

Tsufan kuwa ya zo. Na yi shekaru a gida ina fama da fansho mai zuwa in ya ga dama, sai wani tsohon abokin aikina, mutumin kudancin Kaduna da muke kiran juna abokin ƙura, ya sallama mini da hantsi. Ya ce ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta sa a yi cigiyar duk wanda ya taɓa aiki da audugar nan, za a duba mana ƙirji a wani asibiti. Na ce masa ni na gaji da bin layi, an tantance mu har mun rasa abin da ake tantancewa. Ya ce wannan ba ta takarda ba ce, ta rai ce, in tashi mu tafi. Na tashi ina gunaguni.

A kan benci muka zauna tun safe har bayan azahar. Tsofaffi ne reras, kowa da 'yar jakar takardunsa. Hira ta koma ina wane, ina wane. Wannan ya rasu, tari ne. Wancan ma ya rasu, an ce sanyi ne ya kama masa ƙirji. Da aka ambaci na huɗu, babu wanda ya ƙara tambayar kowa.

Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ba ni wani bututu na hura har idona ya kawo ruwa. Sannan likitar ta zaunar da ni, ta ɗaga hoton ta nuna mini wasu farare-farare a gefen huhu. Ta ce sunan audugar tamu asbestos, garinta in ya shiga ba ya fita, yakan kwanta shekara ashirin ko talatin bai ce uffan ba. Tabon da ke jikina ba ya gogewa, amma bai yi muni ba, za a riƙa dubawa duk bayan wata shida. Na tambaye ta batun madara. Ta girgiza kai kawai, ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata. Har na fara tattara takarduna ina hamdala, sai ta ce:

"Baba, a lokacin wa yake wanke maka kayan aiki?"

Na ce mata maiɗakina ce. Abin da ya faɗo mini shi ne tarin maiɗakina. Ya fi shekara biyu tana yinsa, busasshe, ba ya tafiya. In ta ɗauko bokiti daga famfo sai ta ajiye a tsakiyar hanya ta dafa bango. Mu duka mun ce hayaƙin itace ne, ta sha zuma da citta, mun bar wa Allah. Na ba likitar labarin kakkaɓar kaya, na ba ta labarin tsumma. Ta ajiye biro. Ta tambaye ni ko akwai saura a gidan, na ce yau da safe ma da shi aka kama tanda. Ta ce in jiƙa shi sharkaf kafin in taɓa, in zuba a leda biyu in ɗaure, kada a share wurin da tsintsiya, sannan in kawo mata matar ko gobe ne.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da ita tana wanke tanda, tsumman yana rataye a ƙusa inda ya saba zama. Ban ko zauna ba na ɗauki buta na yi ta kwara masa ruwa. Ta ɗago ta ce, "Malam, lafiya? Me tsumma ya yi maka?" Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama, ta ce to, Allah ya kai mu goben. Ta ci gaba da wanke tandarta.

Nata hoton ya fi nawa muni. Ni da na yi shekara ashirin a cikin ƙurar na fi ta sauƙi, ita da ko ƙofar kamfanin ba ta sani ba. Likitar ta ce hayaƙi ma ya taimaka, ba za ta ɗora komai a kan abu ɗaya ba, amma tabon irin na asbestos ne. Ta ce dole a bar tuyar waina. Nan ne kawai na ga idon maiɗakina ya canza, don tandar nan da ita ta tsaya mana duk lokacin da albashi ya makara.

Da muka fito ta ce mu ɗan zauna a inuwar darbejiya ta huta. Na rasa ta inda zan fara. Da ƙyar na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Da hannuna na kawo miki."

Ta mai da numfashi. Can ta miƙo hannuwanta biyu, ta juya su gaba da baya a gabana.

"Duba, Malam. Tun da ka kawo tsumman nan, shekara talatin ina tuya, babu sabuwar ƙuna ko ɗaya. Abin da ka nufa ke nan, kuma ya yi. Sauran ba ka sani ba."

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na yi kuka a wurin, tsoho da ni, mutane suna wucewa.

Yanzu duk wata shida tare muke zuwa asibitin. Muna fita da wuri don tafiyar a hankali muke yinta, ta tsaya in tsaya. Na gaji da bencin nan, na gaji da bututun hurawa, amma ba na fashi, kuma na bi gidajen abokan ƙurata ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ya kai matarsa. Abin da na koya shi ne rashin sani ba ya tsayawa a kan mai shi, har gida yake bin mutum. Duk abin da kake taɓawa a wurin aiki, ka tambayi sunansa na gaskiya da abin da yake yi wa jiki, ko da za a ce ka cika tambaya. Ni ban tambaya ba, na sa masa suna auduga, na kai wa wadda na fi so.